Shekara Ukun da Saude Ta So Ɓoyewa

A Tudun Kanya akwai wani gida da ya rage mutum biyu, Ilu da ƙanwarsa Saude. Ilu ya haura arba'in, ga ƙarfi ga gaskiya, sai dai maganar da aka faɗa masa ita yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Saude kuwa ta gama karatun jinya, amma ta zauna gida shekara uku tana jinyar Innarsu da ɓarin jikinta ya shanye, har Allah ya karɓi abarsa. Yanzu an buɗe asibiti a cikin gari ana neman nas ɗaya, ita ko kunyar shekarun nan take ji, don takardar tarihin karatunta da aikinta ba ta da abin nunawa a kansu.

Wata rana ta ce, "Yaya, kai takardar nan shagon buga takardu. Kada ka bari kowa ya taɓa ta." Mai shago ya miƙo hannu, Ilu ya ja da baya. Haka ya tsaya riƙe da takardar a sama, bawan Allah yana leƙe yana bugawa, har wuyansa ya ƙage. Rabi kawai aka samu bugawa ranar.

Wata rana kuma ta ce, "Ana son wanda ya san aikina ya tsaya mini." Ita malaminta na makaranta take nufi. Gogan naka sai ga shi da Gwaggo Tabawa, tsohuwar da ke wankan gawa a unguwar, ya goyo ta a keke. "Ta ce ta sani," in ji shi. Saude ta ba tsohuwa haƙuri, ta shiga ɗaki takaici ya ishe ta.

Wata rana, ranar rufe karɓar takardu, ya koma shago. Mai shago ya ce, "Nan akwai shekara uku babu komai. Faɗi duk abin da ta yi." To, ai an gama. Ilu ya gyara zama ya shiga lissafi: tana juya Inna duk bayan awa biyu, tana ba ta kunu da cokali, tana auna jininta, tana canja shimfiɗa kafin ta jiƙe mata jiki. Da aka zo gurbin mai shaida ya ba da sunan Gwaggo Tabawa. Ya kai asibiti ya miƙa, Saude ba ta gani ba.

Da ta ji, sai da ta yi kuka. "Yaya, ka kashe mini aikin nan."

Amma aka kira ta, aka ce ta zo da mai shaidarta. Shugabar ma'aikatan jinya ta duba takarda ta ɗago kai. "Shekara uku a kwance? Irin wannan ai bayansu gyambo yake yi."

Gwaggo Tabawa ta ce, "Ni na wanke ta, 'yar nan. Na daɗe ina wankan waɗanda suka sha kwanciya, na san abin da nake gani. Bayan matar nan ko ƙurji babu."

Shugaba ta ce Saude ta fara aiki ran Litinin.

A hanya Saude ta tambaye shi me ya sa ya faɗi abin da take ɓoyewa. Ilu ya dube ta da mamaki.

"Mai shago cewa ya yi babu komai a wurin," in ji shi. "Ni kuwa na san Inna tana wurin."