Rasuwar Gwaggo, Uwar Na'urorin Foto Zumunta

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da ido da bai bushe ba, ni Cha'ibu mai hoto, na bakin kasuwar Matameye, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, babbar ordinatar, wato kwamfuta, ta shagonmu na Foto Zumunta, wadda masu ilimin abin suke kira sarbar. Ta cika ranar Talata da hantsi, ana gab da Babbar Salla. Ta tsufa, amma tsufa ba shi da hannu a mutuwarta. Kunyar furta "ban sani ba" a gaban mutane ce ta kashe ta, kuma mai wannan kunyar ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, abokin tarayyata a shago, Alhaji Munkaila. Na faɗi sunansa tun daga sama don kada wani ya ɗora wa kuran, wato wutar lantarki, ko zafin bazara laifin da ba nasu ba.

Marigayiya ta zo mana daga Kano a bayan mota, an naɗe ta da bargo kamar mai jego. Ba budurwa muka same ta ba, ta riga ta yi aiki a wani ofis da aka rufe. Muka share mata ƙurya, muka ɗora ta a kan benci don kada raɓar ƙasa ta taɓa ta, muka ja mata wayoyi zuwa ƙananan ordinatar biyu da ake aiki da su a gaba. Duk hoton da aka ɗauka a shagon nan, a cikinta yake kwana. Shi ya sa muka sa mata Gwaggo, don ita ce babba a gida kuma ita ke riƙon amanar kowa.

Ina shaida mata da haƙuri. Da safe in na danna mata, sai ta ce "tit" sau ɗaya, kamar mai amsa gaisuwa, sannan bantilatar ɗinta, mai yi mata fifita daga ciki, ya kama "wuuuu" har mu tashi. Ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ranar kasuwa mutanen Dungu da Yauri da Ɗan Barto su cika mana ƙofa, wannan hoton katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, wannan na shiga lakwal karatun boko, waccan na suna, ta karɓe su duka ba ta ce ta ƙoshi ba. Amma alherinta mafi girma sai an yi rashi ake ganinsa. Mace za ta shigo da takabarta, ta durƙusa, ta ce, "Malam Cha'ibu, ko akwai hoton maigidan?" Sai Gwaggo ta yi "ƙiris, ƙiris, ƙiris" can cikin cikinta, kamar tsohuwa tana laluben ƙasan akwati, ga mutum ya fito a ekran da hularsa da murmushinsa. Na ga manyan maza sun juya baya suna share ido a ɗakin nan.

Cikin amanar da take riƙe da ita har da fuskar mahaifiyarmu, Hajiya Batulu. Inna ba ta son hoto, ta ce ita ba ta ba kwali fuskarta. Sau ɗaya ta zauna mini a duniya, shi ma don fasfon zuwa Makka, tana faɗa ina ɗauka. A can Allah ya karɓe ta, fasfon bai dawo ba. Wanda muka wanke muka rataye, yoyon soro ya cinye shi. Bai rage ko'ina ba sai cikin Gwaggo.

Ciwon ajalinta ya fara a bara. Sistem ɗin da ke tafiyar da ita ya tsufa, masu yin sa sun daina aiko masa da gyara, ga sabon injin wanke hoto da muka sayo ya ƙi yin magana da ita. Na kira Malam Adnan na Damagaram, wanda shi ne likitanta tun zuwanta. Ya duba ta, ya zaunar da mu, ni da Munkaila, ya yi mana bayani. Ni ban yi lakwal mai nisa ba, amma na riƙe. Ya ce sabon sistem ɗin kashi biyu ake yin sa, akwai mai lamba talatin da biyu, akwai mai lamba sittin da huɗu. Ya ce lambar faɗin ƙwaƙwalwar na'ura ce, yawan abin da take iya ɗauka a loma ɗaya. Na'urar zamani mai sittin da huɗu tana iya cin kowanne. Gwaggo kuwa da talatin da biyu aka halicce ta, babban ba zai wuce mata maƙogwaro ba ko da an jiƙa shi. Bai ɓoye mana ba cewa duniya ta koma kan babban, ƙaramin ma ana daf da daina yin sa, kuma wata rana sai mun nemi wata sarbar. Amma ya ce ƙaramin zai riƙe ta ƴan shekaru. Ya bar mana faifai biyu, kowanne da lambarsa a rubuce, ya ce kada kowa ya taɓa sai ya dawo bayan salla, ya fara kwashe hotunan zuwa wani wuri tukuna.

Sai ni na tafi Yauri gaisuwar mutuwa. Munkaila ya ga salla ta matso, lokacin da kowa ke son hoto da sabon ɗinki, ga sabon inji zaune ba ya aiki. Ya ɗauko faifan nan biyu ya jera. Kun san al'adarmu, in an yi layya ana rabon nama, ba a miƙa wa babba ƙaramin kaso yara suna kallo. To wannan ce hujjarsa, ya faɗa mini da bakinsa. Ya ce ƙananan ordinatar na gaba da sittin da huɗu suke aiki, yaya za a ba Gwaggo talatin da biyu, ai cin mutunci ne. Ya ce shi a ganinsa Adnan rowa ya yi mata. Kun ji fa, mutumin da ya je Makka ya dawo.

Ya sa mata babban faifan. Baiwar Allah ta ƙi. Ta rubuto masa layi ɗaya fari a kan baƙin ekran, cewa wannan ba na ƙwaƙwalwarta ba ne. Ta yi iyakar abin da mara baki zai yi. Da ya tsaya a nan, da yau ba na wannan rubutu. Sai ya kwance mata ciki, ya ciro diskin da hotunan suke, ya naɗe a hula, ya shiga mota sai Damagaram. Bai je wurin Adnan ba, don ya san abin da zai ji. Ya je wani shago da ba su san mu ba, ya ce a sa diskin a sabuwar na'ura a zuba masa babban sistem. Mai shagon ya yi gaskiya, ya tambaye shi a gaban mutane, "Alhaji, wannan aikin zai share duk abin da ke ciki, kuna da kwafi a gida?" Munkaila bai sani ba. Ga jama'a zaune, ga an kira shi Alhaji, ga babbar riga. Ya ce, "Akwai mana, mu manya ne a harkar."

Ya dawo ya mayar mata da diskin. Ya danna, ta ce "tit", ta yi shiru. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. Sai ya ce ai babban kaso sai da babban ƙarfi, ya cire ta daga akwatin batirin da ke tace mata wuta, ya haɗa ta kai tsaye da gurup, injinmu na ba da wuta. Ina shigowa daga tasha na ji ta. "Tit-tit-tit-tit," da sauri, irin kukan da ban taɓa ji daga bakinta ba. Bantilatar ya ja "wuuu" ya sauka a hankali, sai wani siririn hayaƙi ta bayanta. Na ɗora hannu a kanta, da ɗuminta, har ya huce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Adnan ya zo, Allah ya saka masa. Ya buɗe ta ya duba. Ya ce ƙwaƙwalwar ta ƙone, babu tashi. Diskin ya tafi da shi ya yi ta tono, ya dawo mana da abin da bai cika tafin hannu ba, galibi hotunan ƴan lakwal, wasu rabin fuska, wasu hula ce kawai da kunne ɗaya. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina neman farin mayafin Inna. Babu.

Ta rasu ta bar ƙananan ordinatar biyu, waɗanda yanzu suke a kunne ba su san inda za su kai abin da aka ba su ba. Ta bar sabon injin wanke hoto, wanda dominsa aka yi duk wannan kuma ba su taɓa gaisawa ba. Ta bar akwatin batiri, amininta, da aka raba su a sa'ar ƙarshe. Akwai kuma kyanwar shago da ta saba kwanciya a bayanta don ɗumi, har yau tana hawa benci ta sansana ta sauko. Sannan ta bar ni.

Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, kuma in kiyaye harshena. Na ji, na bi. Saboda haka ba wanka ba likkafani. Ranar Alhamis bayan la'asar za a naɗe ta a bargon da ta zo da shi, a ɗora ta a amalanke zuwa wurin Manu mai tsohon ƙarfe, wanda ya yi mini alkawarin ba zai fasa ta a gabana ba. Za a yi zaman gaisuwa a ƙofar shago har Asabar. Duk wanda yake da tsohon hoto mai hatimin Foto Zumunta a bayansa, don Allah ya zo da shi, ko ya koɗe, mu sake ɗauka. Wanda kuma ya zo neman hoton mamacinsa, kada ya tambaye ni. An shimfiɗa wa Alhaji Munkaila tabarma a bakin ƙofa, shi zai dubi kowa a ido ya ba shi amsa.

Abin da shi Munkaila ya rasa kuwa, ga shi a fili. Makullin ƙurya, na karɓe. Sunansa a allon shago, an shafe da fenti. Hotunan auren ƴarsa Fadila duka, tun daga lalle har kai amarya. Hoton ɗansa na fari, wanda bai yi shekara a duniya ba, kuma matarsa Sa'a ba ta sani ba tukuna, shi zai faɗa mata. Sai fuskar uwarsa. Jiya da yamma ya matso kusa da ni a kan tabarma, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yaya, tawadar Allah ɗin Inna, a kuncin dama take ko na hagu?" Na buɗe baki in yi masa tsawa, sai na tarar ni ma ban tabbata ba.

Mai sanarwa, cikin juyayi,
Cha'ibu mai hoto, Matameye.