Rasuwar Mikisa Mai Baki Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da har yanzu suke laluben abin murɗawa, ni Shafi'u mai sauti na Dantchiao nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikina, Mikisa mai baki takwas. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin mai gyara a Magaria, bayan jinyar mako uku. Shekararta goma sha ɗaya a hannuna. Waɗanda ta yi a hannun mai ita na farko, Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Ga wanda bai san marigayiya ba, ita ce na'urar nan mai maɓallai da nake tsugunawa a gabanta a wurin biki. Kalangu da mikiro da waƙar da ke cikin kile, wato filashi, kowa ta bakinsa yake shiga, ita kuma ta sasanta su, su fito tare a lasifika.

Mai haƙuri ce, ba ta taɓa katse wa kowa magana ba. In ladan ya fara kiran salla, a hankali take sauke kalangu, har makaɗi ya ɗauka hannunsa ne ya gaji. In za a bar ganga a koma waƙa, wannan na sauka waccan na hawa, masu rawa ba sa ɓata ko taku ɗaya.

Amma babban alherinta na wurin dattawa biyu ne, Baba Usaini maroƙin gidan Maigari da Baba Abdulmumini maroƙin gidan Maina, waɗanda ko gaisawa ba sa yi. Duk bikin da ya haɗa su, kowa na da mikironsa, kuma kowa nakan aje masa ƙaramar lasifika a gindin ƙafa. A ta Baba Usaini, muryarsa ce a sama. A ta Baba Abdulmumini, tasa ce. Jama'a kuwa daidai suke jin su, ɗaya na lafawa ɗaya na tashi. Kullum ta cikinta nake jin “Ɗan nan, ƙara mini, yau na binne shi!” daga Baba Usaini ta baki na uku, da “Ka ji tsohon nan ya shaƙe ko?” daga Baba Abdulmumini ta baki na huɗu. Shekara goma sha ɗaya kowannensu na komawa gida da nasara, marigayiya ba ta taɓa tona asiri ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne da taurin gaɓoɓi, maɓallan da ake ja sama da ƙasa suka riƙa cijewa. A nan dole in faɗi gaskiya, ko da kunya za ta kashe ni: ni na ɗiga mata man gyaɗa. Sabon tatsa ne daga Kwaya, da shi muke gyara ƙofa da keken ɗinki, na ce ita ma ta samu. Kwana biyu ta yi laushi kamar ta warke. Daga nan sai tari, ƙyar-ƙyar, sai wani dogon gurnani, uuum, ko ba a taɓa ta ba. Da mai gyara ya buɗe cikinta, kiyashi ne suka yi gari guda, har da ƙwai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da murfin bai ɗaura ko ƙusa ɗaya ba.

Ta rasu ta bar manyan lasifika biyu da ƙanana biyu, da mikiro uku, ɗaya ba ya ji sai an buga masa kai, da tulin wayoyin da ita kaɗai ta san wane na wane ne. Ta kuma bar ni, da bikin Ramatou 'yar Maigari da ɗan gidan Maina ranar Asabar ɗin nan a Yekuwa.

Na nemi aro. Mikisar Dungass an riga an kama ta ran nan, ta Kwaya baki biyu gare ta kuma ɗaya ya mutu. Abin da ya rage mini amfuli ne, na'urar ƙara sauti mai ramin mikiro guda, wato murya ɗaya a lokaci ɗaya. Kafin wani ya yi kirari sai na karɓe daga hannun wani a gaban surukai. Ban san wanda zan fara ba wa ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Wanda ya karanta wannan takarda, don girman Allah kada ya karanta wa dattawan nan.

Ba za a yi mata salla ba, liman ya ce ƙarfe ce. Za a naɗe ta a buhun gero gobe da safe, a kwantar da ita a saman rumbu, nesa da kiyashi. Ana zaman makoki a ƙofar shagona, kuma ana roƙon kada kowa ya kawo abin da aka soya da man gyaɗa. Sadakar uku ta faɗo ranar Asabar, a Yekuwa, daidai lokacin da zan tsaya da mikiro ɗaya dattawa biyu suna miƙo hannu. Masu ta'aziyya daga nesa su ɗan dakata zuwa yammacin ranar, kada su yi tafiya biyu, don mai yiwuwa a haɗa tawa da tata.