Waken da Bai Kamata in Dafa ba

Ba zan taɓa mantawa da alalar da na yi wa malaman makarantarmu ba, kuma ko ni na so in manta, su ba za su bari ba.

Satina biyu ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki daga Maradun zuwa wata firamare a Talata Mafara. Kun dai san halin baƙo. So nake kowa ya ce sabuwar malamar nan akwai kirki, akwai zafin nama. Ran wata Laraba da aka tashi, shugabar makaranta, Hajiya Asabe, ta ce wani manomi daga Garbadu, uban ɗaya daga cikin ɗalibai, ya kawo wa malamai kyautar wake. Tun ba ta rufe baki ba na ce a bar mini shi, gobe kowa zai ci alala. (Ba fa wanda ya roƙe ni. Ni na kai kaina.)

"Shina nan ɗakin ƙarshe," in ji ta, tana ƙoƙarin amsa waya.

Abin da ban tsaya na lissafa ba shi ne ginin yana da ƙarshe biyu. Na nufi wanda ya fi kusa. Na tura ƙofa na ga tabarmi, da wata ƙatuwar ƙwallo, da 'yan kujeru, na ce a raina wannan sito akwai tarkace. Can a lungu ga wata shuɗiyar roba cike da wake, an rufe da ƙyalle. Na sungume ta na hau mashin.

A gida na baje wake a faranti na fara tsinta. Sai ga maɓalli. Na ajiye gefe. Sai ga wani, ja. Sai marfin kwalbar lemo, sai tsakiya irin ta wuya, sai wani ɗan makulli. Mai hankali a nan zai dakata ya yi tunani. Ni kuwa salati na kama yi, ina cewa duniya ta lalace, yanzu har kyauta sai an yi mata algus. Na tara su duka a gwangwanin madara don in nuna wa mutane shaida. Na surfa wake, na kai inji, da asuba na dafa alala ta gani ta faɗa, da manja da kifi. Na jera ta a cikin robar nan na kai makaranta.

Lokacin tara, ofishin malamai ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar cokula. Malam Sani mai lissafi ya ci uku yana sa mini albarka. Ana cikin haka wata mata ta shigo, Sista Balkisu. Na san tana zuwa daga asibiti Talata da Alhamis saboda yara masu buƙata ta musamman, amma ban taɓa tambayar abin da take yi da su ba. Na ga fuskarta ba walwala, sai na matsa mata lallai sai ta ci. Ta ci ɗaya, ta ce ta yi daɗi, ta ƙara.

To, da na yi shiru a nan, wataƙila da asirina ya kai azahar. Amma yabo ya hau mini kai.

"Ku dai ku ci," na ce, "ba ku san wahalar da na sha ba. Ku ga abin da na tsinto cikin waken nan!"

Na zazzage gwangwani a kan tebur. Maɓallai suka tarwatse.

Sista Balkisu ta tsaya da tauna. Ta dubi maɓallan, ta dube ni.

"Malama, waken ga, cikin mi kika same shi?"

Idona ne ya ci amanata, ya sauka ƙarƙashin tebur inda shuɗiyar roba take zaune, duk manja. Kowa ya bi shi da kallo.

A hankali, ba faɗa, ta yi mana bayani. Ɗakin da na shiga nan take aiki. Tana horar da yaran yadda za su riƙe fensir, su ɓalla maɓallin riga, su ci abinci da kansu. Waken kayan aiki ne: tana binne ƙananan abubuwa a ciki, yaro ya tona ya ciro da yatsu biyu, yatsun su yi ƙarfi. Akwai wata yarinya, Sa'adatu, 'yar shekara bakwai, da aka haifa yatsun hannunta na dama a sanƙare. Da robar nan take fara aiki kullum. Yau ta zo ba ta gan ta ba, ta shige ƙarƙashin tebur tana kuka, ta ƙi taɓa komai. Ga shi babanta, wani mahauci, ya ce zai zo sati mai zuwa, in bai ga canji ba zai bar ta gida, don shi a ganinsa wasa kawai ake yi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam Sani ya yi gyaran murya. "Sista, yara nawa ka sa hannu cikin waken?"

"Sha ɗaya. Tun farkon zango."

Ya ajiye cokali a hankali, ya ce Allah ya sa dai an wanke da kyau. Hajiya Asabe kuwa dariya ta hana ta magana, da kyar ta iya cewa waken Garbadu yana can ɗaya ƙarshen, ko buhun ba a kwance ba.

Na wanke roba da sabulu har sau uku, na shanya ta, na cika ta da waken kyauta, na mayar da maɓallan cikin gwangwani, na bi Sista zuwa ɗakin. Na durƙusa bakin teburin da Sa'adatu ta ɓuya.

"Sa'adatu, ki yi haƙuri. Ni na ɗauki wakenki."

Ta leƙo, hawaye duk fuska. "Ina shi?"

"Mun cinye."

Ta zaro ido. "Har da maɓallaina?"

Na miƙa mata gwangwani. Ba ta yarda da ni ba (ina dalili?), sai ta fito ta zauna don ta tabbatar da kanta. Bakin gwangwanin ƙarami ne, hannu ba ya shiga. Ta cusa babban yatsa da manuni na hannun dama, ta yi ta fama, har ta ciro ja ɗin. Ta ajiye. Ta sake komawa. Na buɗe baki zan ce kawo in zazzage miki, Sista ta damƙe mini hannu ta girgiza kai. Ashe yarinyar ba ta taɓa ciro abu daga wuri mai ƙunci haka ba. Muka zuba ido har ta jera su duka a kan tabarma, ta ƙirga, ta harare ni.

"Saura makulli."

Ashe ya faɗo cikin jakata. Na ba ta, ina ba da haƙuri karo na biyu.

Babanta ya zo ranar da ya ce. Ban shiga ɗakin ba, kunya ba ta bar ni ba, amma har yau Sa'adatu tana makaranta, kuma gwangwanin madarar nan ya shiga cikin kayan aikin Sista. In mun haɗu da yarinyar a baranda takan gaishe ni da ladabi, sannan ta ja jakarta ta rungume.

Abin da na koya kuwa, yanzu ko dafaffiyar shinkafa na gani a makarantar nan, sai na tambayi Sista Balkisu ko ta aiki ce kafin in sa hannu.