Yadda A-Kori-Kurata Ta Zama Motar Asibiti

"Wuni ɗaya kacal, Baba," in ji mutumin. "Da safe mu ɗauka, da yamma mu dawo maka da abarka, tanki cike da dizal."

"Cike har wuya?"

"Har sai ta yi amai."

Na sauko daga bayan motar, na miƙa masa hannu, muka tafa. To jama'a, wannan tafin shi ne ya raba ni da motata, kuma ƙorafinsa na kawo muku yau, tunda uwar yara ta ce kunnuwanta sun gaji.

Bari in ɗan koma baya. Tsohuwar a-kori-kura ce mai shan dizal, na gaje ta a wurin yayana, Allah ya jiƙansa. Ranar rabon gado kowa ya kau da kai daga gare ta, ni kuwa na ce a bar min. Ba taya, ba batir, ciyawa ta tsiro a inda direba ke ajiye ƙafa. Da igiya maƙwabta suka taya ni jawo ta har tsakar gida, daidai inda uwar yara ke shanya. Tun ranar ba ta sake kirana da sunan arziki ba, sai dai "mai gawa".

Ni ba bakanike ba ne, boko ma ban yi nisa ba, amma na yi yawon duniya a gefen direbobi, na ga yadda ake buɗe cikin inji. Na sauke shi guntu-guntu a bahon wanki. Nozul, wato bakin da ke fesa dizal, na jiƙa a kwanon da uwar yara take ji da shi, wannan ma sai da aka yi shari'a. Lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, na kai aka toshe masa huji. Ƙofar dama ta wata mota ce daban, shi ya sa daga waje kawai take buɗuwa. Makulli ya ɓata tun yayana na da rai, sai dai a haɗa waya biyu, majiya ƙarfi su tura, ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta kama. Ranar da ta fara tashi hayaƙin da ta yi ya kori sauro har gida na uku, matar maƙwabcina ta aiko a yi min godiya.

Daga nan na shiga ƙawata ta, na kira mai walda na bakin layinmu. Da na faɗa masa abin da nake so sai ya ɗaga baƙin tabaransa ya dube ni.

"Gado kuma, Baba? A bayan mota?"

"Gado, da katifa."

"Kaya fa ake ɗauka da ita."

Na ce, "Kai yaushe rabonka da ganin mota tana tafiya? Motar zamanin nan a layin gidan mai take rayuwa. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don hanya, ni don layi zan gyara ta."

Haka aka yi. Ya kafa mata rumfar kwano a baya, ya ɗaure gadon ƙarfe, na sa labule. Ya liƙa ƙugiya a sama inda zan rataya fitila. Na shafe ta da farin fenti don ya rage min zafin rana. A saman rumfar na ɗora jan ƙwai mai haske, saboda in na je alwala na dawo in gane ta a cikin wannan tekun motoci. Wallahi da na shiga layi da ita har kishina ake yi. Masu manyan motoci suna lanƙwashe a kujera kamar kifin gwangwani, ni ina miƙe a katifa ina sauraron rediyo, ana faɗa mana cewa mai ya wadata ko'ina.

A nan mutumin ya same ni. Mai riƙe wa Mai Girma Ƙaramin Babba jaka ne, irin waɗanda ba ka taɓa ganin hannunsu wayam. Shi Ƙaramin Babba, Allah ya ƙara masa tumbi, ya yi wa unguwarmu alkawarin motar ɗaukar marasa lafiya tun lokacin da yake da wuya. An ware abin da aka ware, an kafa kwamiti, kwamiti ya tafi ƙasar waje ya ga yadda irin motar take, ya dawo ya tabbatar mana da cewa lallai fara ce. Daga nan ba a sake jin labari ba. Sai ga shi kwatsam an ce Mai Girma Babban Babba zai zo gobe da almakashinsa ya ƙaddamar da ita. Mai Jaka ya fito neman mafita, ya hango farar mota da gado da jan ƙwai a ka. Ya ce min da ya gan ta sai da ya yi hamdala.

Washegari da sassafe aka tura ta filin ƙaramin asibitin unguwa. Kafin in gama karin kumallo in iso, an manna hoton Ƙaramin Babba a ƙofar hagu, yana murmushi, kansa ya fi taya girma. An ɗaura mata jan ƙyalle a hanci. Ina tsaye ina kallo Mai Jaka ya jawo ni gefe.

"Baba, saura abu ɗaya. Ba mu da mara lafiya."

"Asibiti guda babu mara lafiya?"

"Akwai, amma na gaske ne, za su ɓata hoto. Kai kuwa ka kwana biyu a layi, idonka ya faɗa daidai yadda ake so."

Na ce a raina, gadona ne, katifata ce, gara in kwanta in tsare kayana. Na hau. Suka rataya ledar ƙarin ruwa a ƙugiyar fitilata, suka manna min bakin robar a hannu da salatif, ba allura. Aka ce in riƙa nishi kaɗan-kaɗan, kada in wuce gona da iri.

Babban Babba bai iso ba sai da rana ta take. Jerin motocin da suka rako shi, man da suka sha daga bakin titi zuwa filin ya isa ya sallami layinmu gaba ɗaya. Ya hau mumbari ya yi jawabi mai ratsa jiki. Ya ce an yi odar motar nan musamman daga waje, an ƙera ta daidai da hanyoyinmu, shi ya sa ma ta zo da lotsawarta tun daga kamfani. Ya ce irinta ba ta cin mai ko kaɗan. Nan kam na shaide shi, tun da na shiga layi da ita ba ta samu ta ci ba.

Ya yanka ƙyalle, aka yi guɗa. Sannan ya zagayo baya, masu hoto na biye, ya ɗaga labulena ya leƙo.

"Sannu dattijo. Ya jiki?"

Na ga dama ta samu. Na ɗago na ce, "Ranka ya daɗe, motar nan tawa ce."

Mai Jaka ya yi wuf ya ce, "Zazzaɓin ne ya hau kansa, ranka ya daɗe, tun safe yake sambatu."

Babban Babba ya dafa kafaɗata, ya juya wa jama'a, idonsa har da ƙwalla. "Kun ji ko? Talaka ya ce tasa ce! Ƙwarai taka ce, dattijo. Taka ce, ta kowa ce, ta al'umma ce!"

Filin ya ɗauki tafi. Ni ma don kunya na taɓa hannu sau biyu, robar tana lilo.

Aka zo miƙa makulli ga shugaban asibiti, babu makulli. Mai Jaka ya zaro na kwaɗon shagon matarsa, aka ɗora a faranti, aka miƙa, aka yi hoto. Da aka ce a ɗan zaga da ita, ƙarti suka sa kafaɗa a baya, mai magana a lasifika yana cewa ku dubi yadda jama'a ke rungumar motarsu don ƙauna.

Da yamma na tsaya a ƙofar gida ina jira. Har aka yi isha ba mota. Da gari ya waye na tafi ofis. Wani mai tabarau a bayan tebur ya saurare ni tsaf, sannan ya juyo da wayarsa ya nuna min hoto.

"Wannan na kwance, kai ne?"

"Ni ne."

"To kai mara lafiya ne. A ina ka taɓa jin mara lafiya ya warke ya tafi gida da motar asibiti? In muka ba ka, gobe wanda aka yi wa tiyata zai zo ya ce a naɗe masa gadon."

Na nemo Mai Jaka. Shi bai musa min komai ba, har kujera ya ba ni. Ya ce, "Baba, da a hannuna take wallahi da ka tafi da ita. Amma ta riga ta shiga hoto da Babban Babba, abin da ya shiga hoto kuwa ba ya fita. In ta bar filin nan, motar asibiti ta ɓata ke nan. Za a kafa kwamitin bincike, kuma wanda duniya ta ji yana cewa tasa ce shi za a fara kamawa."

"Dizal ɗin fa?"

"An zuba, har wuya, kamar yadda muka yi. Ka tambayi mai gadin asibitin."

Na tambayi mai gadi. Ya ce ƙwarai an zuba, shi kuma ya zuƙe ya adana a jarka saboda tsaro, jarkar ce dai bai san inda ta shiga ba.

Da na koma gida na tarar uwar yara ta mayar da igiyar shanyarta, tana ta waƙa. Ta ce, "Sannu da zuwa, mara lafiya. An sallamo ka?"

To ga yadda aka tashi. Ƙaramin Babba an yaba masa, har ana raɗe-raɗin zai zama Matsakaicin Babba. An ba ƙanen Mai Jaka kwangilar kula da sabuwar mota. Mai gadi ya sayi keke. Uwar yara ta samu tsakar gidanta, ga kuma lemo da ayaba da 'yan dubiya ke ta kawowa tunda aka nuno ni a talabijin, ita ke karɓa a bakin ƙofa tana cewa jikin da sauƙi. Ni ne na tashi ba mota, ba gado, ba ko sifanar da na manta a ƙarƙashin kujera.

Unguwa kuwa ta samu motar asibiti, ba za a ce ba a yi mana aiki ba. In ciwo ya kama ɗayanku, Allah ya kiyaye, ya taho da ƙarti huɗu masu turi. Kuma don Allah ya kwanta ta ɓangaren hagu, akwai wani ƙarfe a dama da ban gama lanƙwasawa ba.