Ina Ɗaya Jakin?

Ranar da za a faɗi sakamakon zaɓe, ni ke kula da na'urori a wani ƙaramin gidan rediyo a Maraɗi. Na tara ma'aikata ina ƙasaita: "Injunan nan biyu jakuna ne. Akwatin nan shi ke raba musu masu sauraronmu na intanet, kowane ya ɗauki rabi."

Darakta har da tafi. Ashe wayoyi biyun da suka fito daga akwatin duk a inji ɗaya na cusa. Ana fara karanta ƙuri'un garin Tsibiri injin ya durƙushe, shirinmu na intanet ya yanke, ɗan'uwansa na gefe yana shan iska. Wani Alhaji ya bugo daga Kwatano: "Sojoji ne suka shigo?"

Har yau ko jana'iza na je, sai wani ya raɗa mini: "Injiniya, ina ɗaya jakin?"