Naman da Na Ɓoye wa Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jakata ta tona min asiri a gaban mutane ba. Ni ba mai yawan kunya ba ce. Na kwana a ƙarƙashin gada a garin nan na Jidda, na sayar da waina a Karantina har aka rushe unguwar a kan idona, ban yi hawaye ba. Amma ranar nan na so ƙasa ta tsage in shige.

'Yata Rabi ce ta samu manemi, Usama, haihuwar Jidda, direba a unguwar Abhur. Kakanninsa mutanen ƙasarmu ne, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya ce zai kai mu cin abinci tare da mahaifiyarsa, ta gan mu. Na san me ake nufi. Za a duba gidan da yarinya ta fito. Rabi ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, don Allah ki bi a hankali." Na ce mata ba yau na fara shiga mutane ba.

Gidan gashin nama ne irin na Japan. Kowane tebur da rami a tsakiya, wuta a ciki, ragar waya a kai. Aka kawo nama ɗanye, yanka siriri kamar ganye. Na kalli Rabi na ce, "Mai dafawar bai zo aiki ba ne?" Ta taka min ƙafa. Ashe kai za ka gasa da hannunka, kuma in ya ƙare a ƙaro maka, har sai ka ce ya isa. Yaron da ke kawo abincin ya zuba wani dogon bayani da Larabcinsa na 'yan Filibin. Ban saurara ba (ina can ina janye hannun abayata daga wuta).

Sai ga matsalar da ban tuna da ita ba tun daga gida. Usama ya zauna daidai gabana. Ni kuwa a tashina, mace ba ta tauna a gaban surukinta. Ko ruwa sai ta juya baya.

To, wuta dai aikina ce. Na karɓi ƙarfen juyawa, na shiga gashi ina raba musu. Mahaifiyar tasa, Ummu Usama, mace mai tsawo da zobba, ba ta cika magana ba, in ta yi kuma da Larabci. Kallona kawai take. Usama kuwa, Allah Ya yi masa albarka, sai tura min nama yake. "Kuli ya khala, kuli!" Wato in ci, ni kuma ina cewa to. Farantina ya cika ya yi tozo, cikina yana kuka, don tun safe na ƙi cin komai saboda wannan gayyata.

A zuba wannan nama a shara? Ni da na san yunwa? Akwai leda a jakata (kullum akwai). Na ɗora jakar a cinya, duk wanda ya sunkuya sai in tura yanka biyu. Na ce in na koma gida na ci abina a natse. Har daɗi nake ji, wai na iya dabara.

Shekara da shekaru ina sana'ar mai da wuta, amma ranar na manta abin da zafi yake yi wa leda.

Na miƙe zan je wanke hannu. Ban yi nisa ba na ji yaron nan a bayana: "Mama! Mama, mamnu'!" Na waiga. Mai ne ke ɗiga daga gindin jakata, ya ja layi a kan farin tayil tun daga kujerata har inda nake tsaye. Babban ma'aikatan wurin ya zo, cikin ladabi ya ce dokarsu a ci a nan, ba a fita da shi. Ya roƙi in buɗe. Na buɗe. Ga nama, ga narkakkiyar leda, ga carbina yana iyo a ciki.

Rabi ta rufe fuska da gyale. Na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yarinya aure saboda tsoka.

Ummu Usama ta taso. Ta leƙa jakar, ta kalle ni. Sai na ji Hausa a bakinta, tsohuwar Hausa mai nauyi.

"'Yar'uwa, tun da muka zauna ban ga kin kai hannu baki ba."

Na ce, "Ba na ci a gaban suruki."

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Haka uwata take. Har ta rasu mijina bai taɓa ganin bakinta yana motsi ba. Na ɗauka irinku sun ƙare."

Ta juya ga ɗanta, ta koma Larabci. "Kai, gum, tashi! Yalla, ɗauki farantinka, koma can ka kalli bango." Ya tashi yana raba ido, bai san laifinsa ba. Ta ce wa babban nasu, "Ba inda naman nan zai je. Kawo faranti, halas, shi ke nan." Ta ture sandunan cin abinci irin na Japan da aka ba mu gefe, ta naɗe hannun riga, muka sa hannu tare. Ban taɓa cin nama mai daɗinsa ba, har da ɗan ƙaurin leda.

An ɗaura auren. Na gode wa Allah, na gode wa matar nan, don da ta yi dariya ko sau ɗaya, da ban sake iya haɗa ido da ita ba. Har yau in Usama ya zo gidana ya tarar ina ci, da kansa yake juya kujera ya fuskanci bango.

Abin da na koya kaɗan ne. In mai kawo abinci yana bayani, ki saurara. In kuma dole sai kin ɓoye nama a jaka, ki bari ya huce.