Gidan Sauro a Madekali

Ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Hausata ta kusa raba wani bawan Allah da aikinsa.

Ina shekarar ƙarshe a karatun kiwon lafiyar al'umma aka tura ni Madekali, wani gari a ƙasar da ake aikin hukuma da Faransanci, in bi gida-gida in ji abin da ke damun mutane. Tambayoyin da Faransanci suke. Majo, babban nas na asibitin garin, dattijo mai sanyin magana, ya ce zai haɗa ni da ungozomarsu ta riƙa yi mini tafinta. Na ce ya huta. Ni da na tashi a Kano hannun kakata, wa zai koya mini Hausa a bakin iyaka? (Har murmushin tausayi na yi masa, Allah Ya yafe mini.)

Kullum sai in hau kabu-kabu daga Malanbil, in zura farar riga, in shiga gidajen mutane. Da na ce, "Kuna da gidan sauro?" sai fuska ta sauya.

"Gidan sauro? Wallahi babu! Duba ki gani, ko'ina a share."

Wata ma har ta ruga ta kifar da wata tsohuwar tukunya. Ban yi tunanin komai ba, na rubuta "babu". Kwana biyar, ko gida ɗaya bai amsa yana da shi ba, alhali an ce majo ya raba kafin damina. Na yanke hukunci a raina: ya kai kasuwa ya sayar.

Ranar rahoto aka taru a rumfar maigari. Ga mata, ga babban likita daga Malanbil, shugaban majo. Na karanta da Faransanci ina ta jan murya, cewa babu mai gidan sauro a garin. Likita ya cire tabarau, ya ce wa majo in ba shi da bayani zai dakatar da shi. Majo ya sunkuyar da kai. Ungozoma ta fassara wa mata, sai wata tsohuwa ta miƙe ta dube ni.

"Ke ɗiyata, mi kinka ce ba mu da shi?"

"Gidan sauro, Inna."

"To ba mu da shi mana. Mu ƙazamai na?"

Ungozoma ta dafe kai. "Inna, sange take nuhi."

"Sange? To ki ce sange! Mu mun aza duba-gari ta, tana biɗar kwatamin da sauro ka haihuwa ciki. Sange kam majo ya ba mu. Nawa da hannu nai ya ɗaura min shi."

Rumfa ta kece da dariya, har maigari na share hawaye. Inna ta kama hannuna kamar akuyar da ta yi ɓarna, ta kai ni ɗakinta da ke kusa. Ga sange nan fari tas, rataye bisa gado. Na yi fatan ƙasa ta tsage.

Da muka dawo, mutumin da na kusa kunyatawa shi ya tsaya mini. Ya ce wa likita laifinsa ne da ya bar baƙuwa ta fita ba tafinta, a ƙara mini kwana uku. Ungozoma ta raka ni muka sake zagaye garin, a nan ne mata suka buɗe baki: ba sauro ya fi damunsu ba, famfon unguwa ne ya lalace, yara na ta gudawa. Da wannan rahoton na ci jarrabawa, kuma har gobe ina yi wa majo da ungozoma addu'a.

Ranar tafiya na kasa daurewa, na gaya wa majo zargin da na yi masa. Ya yi dariya.

"Ai na sani, ɗiyata. Tun ran Laraba kika bar gaishe ni."

Yanzu duk garin da aiki ya kai ni, ko cokali zan tambaya, sai na fara jin yadda suke kiransa. Kuma ina gaida kowa, har wanda nake zargi.